Na Ƙoshi, Malam

Shekara talatin da wani abu na yi ina jan motar auduga. Da bayana ya fara ciwo, kamfani ya sallame ni. Ban yi gardama ba. Na koma zaman ƙofar gida, daga masallaci sai tabarma. 'Ya'ya duk sun watse, kowa na fama da kansa. Gidanmu na Gusau ya rage daga ni sai matata.

Ina da wata tsohuwar bas da ta daɗe a ajiye. Da zaman ya ishe ni, na sa aka kwance kujerun baya, na shimfiɗa katifa, na ɗaure jarkar ruwa biyu, na sa buta da tabarma. Na ce da matata ta shirya, yawo za mu.

"Yawon me, Malam?"

"Na buɗe ido. Kwana uku ko huɗu."

Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Bafulatana ce, a wata ruga ta gefen Ruwan Bore aka haife ta. Tun da zaman ƙauye ya gagara muka dawo birni, ba ta san ko'ina ba sai hanyar asibiti da gidan suna. Da safe na ga ta fito da tukunya da ƙullin gari. Na ce ta mayar.

"Girkin da kika yi a duniya ya isa. Wannan karon na kasuwa za mu ci, wasu su dafa mana."

Ta dube ni, ta mayar da tukunyar. Ni a raina gata na yi mata.

Sai da rana ta ɗaga muka kama hanyar Tsafe, don hanyar nan ba a yi mata sammako. Shinge bayan shinge, kowane sai ka tsaya ka faɗi inda za ka. Wani soja ya leƙa ya ga katifa, ya ce ko mara lafiya na ɗauko. Na ce a'a, yawo muke. Ya daɗe yana kallona kafin ya ɗaga hannu.

A Tsafe na tsaya bakin tasha, na sayo tsire mai zafi da gurasa, na shigo na baje takardar tsakaninmu. Na ce bisimilla. Ta ce, "Na ƙoshi, Malam." Na ci nawa, na ci nata. Da la'asar na kawo shinkafa da wake, ta ce ta ƙoshi. Na miƙa wa wani makaho, na tafi salla. A harabar wani gidan mai muka kwana.

Washegari muka juyo, muka tsaya gindin dutsen Kwatarkwashi. Na wuce dutsen nan ba adadi, ban taɓa kashe mota na dube shi ba. Na nuna mata. Ta ce, "Allah mai iko," ta koma ta jingina. Na sayo waina da miya, har da fura, don na san ta da son nono. Ta sha ruwa kawai. Nan raina ya ɓaci. Na ɗauka fushi take da na raba ta da ɗakinta, ko ƙyamar hannun 'yan kasuwa take yi. Na ce idan ba ta so ta faɗa. Ta ce ita ba ta ce komai ba. Na shanye furar don haushi. Ranar nan ba mu ƙara magana ba.

Rana ta uku muka ratsa Gusau ba mu tsaya ba, muka nufi Bungudu. Niyyata mu kai har Nahuce ta ga gonaki. Da azahar na tsaya kusa da rumfar wata mai tuwo. Matata ta sauko za ta yi alwala, sai na ga butar ta faɗi, ita ma ta bi ta, ta zube a ƙasa a hankali kamar buhun da ba kome ciki.

Mai tuwon ce ta riga ni isa. Wata ƙatuwar mace ce mai babbar murya. Ta tallafe ta, ta yayyafa mata ruwa, muka kama ta muka kwantar a katifa. Da ta buɗe ido, matar ta juyo kaina.

"Baba, yaushe rabon Inna da abinci?"

"Kullum sai na saya. Ita ke cewa ta ƙoshi."

"In an kawo kai kana ina?"

"Ina nan zaune."

"Kana kallonta?"

"To ina zan kalla? Motar ɗaki ɗaya ce."

Ta tafa hannu. "Kai, wanga tsoho! Ga hurhura har gemu, amma sai a hankali. Bafulatana za ta buɗe baki ta kai loma gaban mijinta? Ga 'yan tasha na leƙe ta taga? Kashe ta za ka yi da gata?"

Na shiga lalube a kaina ko zan tuna rana ɗaya da na ga matar nan tana tauna. Sama da shekara arba'in muna tare. Ban samu ba. A gida takan ajiye mini akushi ta fita. In na gama ta ɗauke. Yaushe take cin nata, a ina, ban taɓa tambaya ba. Ina cin nawa ina tashi.

Mai tuwon ta kwaso zannuwa a rumfarta, ta rufe tagogin bas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ta kawo tuwon masara da miyar kuka, ta tura ciki, ta ja ƙofa.

"Kai kuma yi can. Can nesa, inda ba ka jin motsin kwano."

Na tafi gindin wata bishiyar bedi na tsaya. Babu benci, bayana na ciwo, rana na dukan ƙeya. Masu wucewa na kallon bas da aka naɗe da atamfa, suna kallona. Wani ya tambaya ko haihuwa ake yi.

An daɗe. Can na ji ta kira, muryar ƙasa-ƙasa.

"Malam."

Na matso. Ƙofar ta buɗe kaɗan, hannunta kawai ya fito da kwano, an sharce shi tas.

"Mu koma gida?" na ce.

"Miyar ba ta ji daddawa ba," in ji ta. "Ka ce ta ƙaro. Kai kuma ka koma inda kake."

Na karɓi kwanon na nufi rumfa.