Injin da Baba Anaruwa ya zaɓa saboda akuyata

Ina wanke kwanoni yau da safe Inna ta shigo ta ce Baba Anaruwa ya rasu. Har yanzu ban gama wankin ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai kula da filin asibitin mishan, inda babana yake gadi.

Da muka baro Tama, kakata ta ba ni akuya, kamar yadda ake ba ɗiya ta soma kiwonta. A nan ba mu da gona. Ciyawar filin nan nake yanka mata da lauje in shanya don rani, littafin soyayya na Faransanci ɓoye cikin zanena.

Bara lokotoro, babban likitan asibitin, ya ce macizai sun yi yawa, za a sayo injin yankan ciyawa wanda ake hawa. Ya kawo hotuna biyu Baba Anaruwa ya zaɓa. Ɗaya babba ne, kafin azahar ya gama filin, amma watsar da ciyawar yake yi, ba ta kwasuwa. Ɗayan ƙarami ne, ja, da akwati a baya mai tara ta.

Baba ya daɗe da ciwon baya. Kowa ya ce ya ɗauki babban.

Ni kam na laɓe bayan iccen bedi ina murza bakin zane.

"Ke mai littafi, taho," in ji Baba. "Wanne ya hi kama da dokin saurayin nan naki na cikin takarda?"

Na rufe fuska, na nuna jan.

"To wanga za a kawo. Ni ban cin amanar akuya."

Tun da aka kawo injin wuni yake yi a kansa, ya juye akwatin bakin ƙofa, ni da matan Fulani mu kwasa.

Ganina da shi na ƙarshe, ran Juma'a, ya ce, "Hau, gimbiya." Na hau injin, na zagaya filin ina dariya da ƙarfi, kunya ta tafi wani wuri.

Ciyawar da ya tara mani tana bisa rumfarmu. Za ta kai akuyata da ƴaƴanta har ruwa ya sauka.

Allah ya jiƙan Baba, ya hutar da bayan nan nasa a Aljanna. Ku ma don Allah ku sa shi a addu'arku.