Mai Ƙirga Hayaƙi

Jiya a gida, nan Abbare, 'yata ta tambaye ni, "Baba, mutum nawa ne a ƙauyenku?" Sai kakata ta faɗo mini a rai.

Ƙauyenmu a kan dutse yake, gidaje a warwatse, hanya ɗaya tak ke hawa. Kaka ba ta ƙirga mutane, hayaƙi take ƙirgawa. Kowace safiya takan hau wani falalen dutse bayan rumbunmu, raɓa na jiƙa mata zani, ta bi gidajen da yatsa. Sha tara ne.

Wata safiya ina gefenta, ta ƙirga har sau biyu.

"Sha takwas," in ji ta. "Gidan gangare ba a hura wuta ba. Ɗauko ƙwaryar kunu mu je."

Muka tarar da tsohuwar gidan kwance, zazzaɓi ya hana ta tashi. Kaka ta hura mata wuta tun kafin ta gaishe ta.

Bara na hau falalen ni kaɗai. Bakwai na ƙirga, babu na ɗakinta.

Allah ya jiƙan ki, Kaka. Bakwai ɗin da suka rage kuma, Allah ya ba su mai dubawa.