Ige da Maganin Zuciya

"Ke ɗiyar nan, ɗauke hannunki daga ƙirjina!" Ige ke nan, tana daka ma Sista Rifkatu tsawa, don ta shafa mata wani abu mai sanyi za a duba zuciyarta ga na'ura. Ni nar raka ta asibiti. Tun muna 'yan mata a unguwar Gidan Dare muke tare.

Likita yac ce, "Inna, ruwan da za mu ƙara miki shina kashe dajin nono, amma shina iya raunana zuciya. Dole mu riƙa dubawa."

Tac ce, "Tawa zuciyar? Maza biyu sunka gwada, duk suna ƙasa. Kai dai zuba."

Kun san Ige! Ruwan ja ne, sai ta sa mai suna zoɓo. Gashinta ya zube, tac ce ta huta da surutun mai kitso. Anka hana ta gishiri don zuciyar, sai ta ƙulle shi ga bakin zane, tana lasa cikin layin ganin likita. Sista ta kama ta.

"Mama, mene ne wannan?"

"Taba ce. Ko ita ma kun hana?"

Sannan likita ya ba ta 'yan ƙwayoyi, yac ce maganin zuciya ne, safe da marece, su ne za su kare ta daga zoɓon. Ige da ba ta karɓar komai sai da gardama, ta karɓa hannu biyu har da godiya.

Bayan watanni ƙafafunta sunka kumbura. Barci sai a zaune. Daga ɗaki zuwa randa sai ta tsaya neman numfashi. Munka koma.

"Inna, kina shan ƙwayoyin?"

"Ana sha."

"Wa ke sha?"

"Sani, mijin ɗiyata. Ba maganin zuciya kac ce ba? Ni tun da ciwon ga ya zo tawa ta kwanta. Shi ko ga zuciya, abu kaɗan ya hau yarinya da zagi. In na mutu wa zai tare mata? Cikin kunu nike sa mai."

Likita ya cire tabarau. Ige ta taɓa ni da gwiwar hannu: "Kuma ya yi aiki, wallahi. Yanzu in ya tashi faɗa jiri ke zaunar da shi."

Dajin ya tafi, haka hoto ya nuna. Zuciyar ce ba ta sake tashi ba, duk da maganin da anka canza.

Ni na yi mata wankan gawa. Da na kwance bakin zanenta, ga gishirin nan, ya jiƙe ya dunƙule.

Allah shi jiƙan ki, Ige, shi ba zuciyar nan hutu. Shi kuma tsare miki ɗiyarki.