Ranar da Gaisuwa Ta Shanye Mana Man Mota

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Sunayen mutane sun zube, wasu garuruwan da na taka ma ban iya faɗin ta wace ƙofa na shige su. Amma ranar da aka ɗauko ni daga Isa cikin mota za a kai ni goyon ciki gidanmu, wannan kam ba za ni manta da ita ba har ranar da za a rufe ni.

Zamanin Turawa ne, suna gab da tattara kayansu. Ina aure a Isa, gidanmu kuwa wani ɗan ƙauye ne kusa da Gangara, can wajen Sabon Birni. Cikin fari ne gare ni, mai cikin fari kuwa a wurinmu ɗakin uwarta take haihuwa. Tun ina wata bakwai ya kamata a kai ni, sai damina ta yi ƙarfi, gulbi ya cika, hanya ta yanke. Aka yi ta jira har kaka ta shigo, watana ya kama, ƙafafuna suka kumbura. Inna, wadda ta haife ni, ita ce ungozomar ƙauyenmu, ni kuma na ga yadda haihuwar fari ta tafi da wata ƙawata a hannun waɗanda ba su iya ba. Saboda haka roƙona ga Allah guda ne, in haihu a hannun Inna.

Wan mijina falke ne, yana kai kaya tsakanin kasuwanninmu da ƙasar da Faransa ke mulka a tsallaken iyaka. A shekarar nan ya sayo mota a Ƙaura, hannun wani Bature mai awon gyaɗa da zai koma ƙasarsu. Baƙa ce, mai ƙofa huɗu, kujera gaba kujera baya, irin wadda Turawa ke ɗaukar matansu da 'ya'yansu a ciki. Shi ya ce zai kai ni da kansa. Mijina ba ya zuwa, don kunyar surukai, sai aka haɗa ni da gwaggonsu, wata tsohuwa mai kaifin baki wadda ta goya su duka biyu.

Da hantsi aka fito da kaya. Ga babbar tukunyar wankan jego, ga buhun gero, ga kanwa da kayan yaji, ga tabarmi, ga adudun Gwaggo. Aka cika bayan motar, sauran aka ɗaure a bisa. Sannan Yaya, haka nake ce wa wan mijin nawa, ya ɗauko garwar fetur ya auna galan biyu ya ɗura, ya sa aka mai da garwar zaure. Lokacin nan ba a samun man mota sai an je Ƙaura, shi ya sa yake tattalinsa kamar zuma.

Gwaggo ta leƙa ta ce, “Wanga ɗan ruwan shi za shi kai mu?”

Ya ce, “Gwaggo, Baturen da bakinsa ya ce galan guda ya isa daga nan har Sabon Birni. Yana nan ma rubuce cikin littafin motar. Ni kuwa biyu na zuba, guda na zuwa, guda na komowa.”

“Shi Baturen ya taɓa ɗaukar tukunyar wanka?”

“Ƙarfe ne, Gwaggo, bai san nauyi ba.”

“To, Allah shi sa ƙarfen ya ji abin da ka ce.”

Akwai wani hali da motar nan take da shi, wanda shi ne tushen labarin duka. Ba ta tashi sai an soka mata wani lanƙwasasshen ƙarfe a hanci an yi ta murzawa. Kwana kaɗan kafin tafiyarmu ƙarfen ya ƙwace ya bugi Yaya a wuyan hannu, har ranar nan da tsumma ɗaure. Safiyar nan ma sai da maza uku suka yi ta karɓa-karɓa kafin ta yarda ta farka. Da ta kama, Yaya ya share gumi ya ce shi kam ba ya sake kashe ta sai a ƙofar gidanmu.

Muka kama hanya. Ni ban taɓa shiga mota ba, sai na ga itatuwa suna gudu da baya, gonakin gero suna ta wucewa, iska na bugun fuskata. Na ji daɗi ƙwarai, ba za ni ɓoye ba. Na ce a raina, kafin azahar ina ɗakin Inna ina shan fura.

Ba mu yi nisa ba muka iso garin wani abokin fataucinsa. Ku da kuka tashi yanzu kuna iya wuce garin ɗan'uwanku ku ce sauri kuke yi. A zamaninmu wannan zagi ne, balle ga mutum cikin sabuwar mota, ai sai a ce arziki ya sa shi girman kai. Yaya ya tsaya gindin wata tsamiya, ya fita, ya bar motar tana ta kaɗawa. Aka shimfiɗa tabarma. Ina gajiya, ina gida, ina iyali, yaya aka ji da damina, ina labarin su wane. Wanda ya zo daga baya shi ma sai a faro masa daga farko. Aka dama fura. Dattawan gari suka zagaya motar suna shafa ta suna sa albarka.

Ni ina zaune a baya ina jin kujera na rawa a ƙarƙashina. Na waiga na ga hayaƙi yana ta fita ta gindinta. Ni ban san mota ba, amma na san murhu. Mu in mun sauke tukunya janye itace muke yi, don wuta ba ruwanta da ko akwai abin da take dafawa. Na ce a raina, abin nan da ke hayaƙi ai ci yake yi. Amma wa za ni gaya wa? Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da Yaya ba, in ban da gaisuwa a durƙushe ba wata magana da ta taɓa shiga tsakaninmu. Yarinya mai cikin fari ta buɗe baki ta koya wa wan mijinta sha'anin motarsa? Na ja mayafina na yi shiru.

A gindin tsamiyar nan kuma na fara jin wani abu ya ɗaure mini baya, ya sake. Shi ma na yi shiru da shi. An hore mu cewa ciwon haihuwar fari ba a faɗinsa, sai dai a gane.

Da za mu tashi aka kawo tsaraba, kabewa uku da ƙwaryar wake. Ba a mai da kyauta, aka tura su ƙarƙashin ƙafafunmu. Gari na biyu an yi rasuwa da damina, Yaya bai samu zuwa ta'aziyya ba, ta'aziyya kuwa ba a yin ta a tsaye. Gari na uku azahar ta same mu, aka yi alwala aka yi salla, motar tana bakin masallaci tana gunaguni kamar ita ma jiran liman take. Can ne maigari ya ji inda za a kai ni, ya ce ba ya bari mu wuce hannu sake, ya sa aka kamo rago, wai na suna. Aka ɗaure shi aka cusa tsakanin tukunya da buhun gero.

Ga kuma hanyar kanta. Baturen nan tsakanin Ƙaura da Gusau yake yawonsa, kan hanya mai tauri, daga shi sai hularsa. Tamu hanyar rairayi ne wanda gulbi ya bari. Motar ta nutse har ciki, ta yi ta kuka tana tono, sau biyu sai da manoma suka bar aikinsu suka tura mu. Su ma sai an tsaya an gode musu, an tambayi iyalansu.

Duk wannan abu ciwo na zuwa yana komawa, tazararsa tana raguwa. Na cusa bakin mayafi cikin bakina na cije. Bayan mun bar gari na uku wani ya zo mai ƙarfi, ban san lokacin da na damƙe cinyar Gwaggo ba. Ta juyo ta dube ni, ta shafa goshina ta ji gumi.

A hankali ta ce, “Ɗiyata, tun yaushe?”

Na ce, “Tun garin farko.”

“Tun gindin tsamiya? Kika bar mu muna shan fura?”

Ta miƙa hannu ta bugi bayan kujerar Yaya. “Kai, mai mota. Daga nan ko Sarkin Gobir ka gani bakin hanya, ɗaga masa hannu ka wuce.”

Bai tambayi dalili ba, bai kuma waigo ba. Ya taka motar. Muka ratsa wani ƙauye mutane suna ta ɗago hannu suna kiransa, ya wuce su kamar bai san su ba. Na san abin ya yi masa ciwo, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai zumunci.

Har na fara hango dogayen giginyun ƙauyenmu can nesa, sai motar ta yi tari. Ta sake yi. Ta yi 'yar tafiya kamar mai jin barci, ta tsaya cik tsakiyar gonaki. Tun safe kunnena bai huta ba, sai a lokacin na ji kukan tsuntsaye da na ragon da ke bayanmu.

Yaya ya fita ya karyo karan gero ya zura inda ake ɗura mai. Ya zaro shi a bushe. Ya juya shi ya sake zurawa, wai ko ɗaya bakin karan zai faɗi wani abu daban. Ya tsaya yana kallon karan, ya ce, “Galan biyu fa.”

Gwaggo ta ce, “Sai ka bi Baturen ƙasarsu ka gaya masa.”

Masu yankan gero suka taho, suka gwada turawa, rairayi ya hana. Wani ya ce a nemo amalanke, wani ya ce a ɗauke ni a kan gadon kara, kowa na faɗin tasa. Ni kuwa na san ba inda za ni iya zuwa kuma. A nan ne kunya ta sake ni. Na ɗaga kai na dubi wan mijina ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na ce, “Yaya, a kira mini Inna.”

Bai aiki kowa ba. Babban mutum, mai tumbi, wanda ake shimfiɗa wa tabarma a kowane gari, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa ya yanki gona da gudu. An ce takalminsa guda a can ya bar shi, bai tsaya ɗauka ba.

Matan da ke roron wake suka kori mazan, suka kwance zannuwan goyo suka rufe tagogin motar. Gwaggo ta riƙe ni tana ta salati, tana cewa in daure kaɗan. Ban san tsawon lokacin ba. Abin da na sani, ƙofa ta buɗe, na ji ƙamshin hayaƙin ɗakinmu, na ji hannun da na sani a kan cikina. Inna ce, ta riga Yaya isowa, tana haki, da askarta ƙulle a bakin zane.

Ta ce, “Ga ni, ga ni. Wata biyu nake share miki ɗaki, ashe ɗakin Bature kike so.”

Na fashe da kuka da dariya tare. Kafin la'asar ta yi sanyi na haifi ɗiyata, lafiyayya, a kujerar baya, a hannun Inna, kamar yadda na roƙa.

Motar ta kwana bakwai a gonar nan, an yi mata rumfar zana, sai da aka aiko da mai daga Isa bisa raƙumi. Ranar suna ina zaune da Gwaggo na ba ta labarin hayaƙin da na gani da abin da na raya a raina. Ta riƙe haɓa ta ce, “Kin gani kika haɗiye?” Ba ta tsaya ba, ta fita har zaure ta faɗa wa Yaya a gaban mutane. Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa sai ya yi dariya har da hawaye, ya ce a gaya wa amarya ta yi gaskiya.

Daga baya ya yi ta gwada motar da karansa, in ta tafi wayam, in ta ɗauki kaya, da rani, da kaka. Ya gane cewa ko ba a tsaya ko'ina ba, galan guda bai taɓa kai ta Sabon Birni ba a kan hanyarmu. Baturen bai yi ƙarya ba, cin motar a hanyarsa ya faɗa. Shekara da shekaru motar nan ta yi tana ɗaukar iyalin gidan, ba ta sake tsayawa da kowa a daji ba. Gaisuwa kuwa bai rage ko ɗaya ba, sai dai ya kashe motar ya zauna, in an gama a murza.

Abin da ranar nan ta koya mini biyu ne. In an gaya maka abin da wani abu ke ci, ka tambaya a hanyar wa aka auna, da kayan wa. Na biyun ya fi nauyi. Ni na ga hayaƙin, ni na ji ciwon, na rufe bakina don kada a ce ba ni da kunya, har na kusa rasa abin da na fi so. Allah ne ya rufa asiri. Kunya ado ce, har gobe ina hore jikokina da ita, amma nakan ce musu, in kun ga abu yana ƙarewa ku faɗa tun da sauransa, ko a gaban wa kuke. Ni dai tun daga gonar nan ban sake haɗiye irin wannan magana ba.