Fim ɗin da ba shi da kashi na biyu

Mun tashi daga Gwadangaji, nan gefen Birnin Kebbi, bayan sallar asuba, ni da wani maƙwabcina, da saƙo mai nauyi a bakina. Ƙanwata ce ta aike ni Argungu in dawo mata da ɗanta, wanda ya bar shagon ubansa ya koma ɗaukar fim. Ta ce in ya ƙi, kada ya sake taka mata gida.

Ni ba maƙiyin fim ba ne. Ina son irin wanda ake yi kashi-kashi: na ɗaya a ga mugu, na biyu ya tsere, na uku a kama shi. Komai a kan tsari.

Mota ba ta cika da wuri ba. Na hau, na sauka, na sake hawa, har direba ya tambaye ni ko kujerar na da ƙaya. Wajen Zauro shinkafa ta yi kore shar, amma hankalina na kan saƙon, ina ta maimaita shi. A tashar Argungu muka ci masa da soyayyen kifi. Kifin ya yi tsada kamar ba a bakin gulbi muke ba.

Yaron ya tarbe mu, duk ya rame. Kafin in buɗe baki ya ce, "Kawu, ka gani tukuna, sannan ka yi faɗan."

Wani ajin makaranta ya kai mu, an kafa farin zane a bango, mutanen garin Gulma, inda ya ɗauki fim ɗin, sun cika benci. Aka kunna majigi. Sai ga wani tsohon masunci yana gyaran raga. Ba kiɗa, ba duka, ba gudun mota. Na jira a fara. Na duba agogo, na gyara zama, na fita na dawo, tsohon na nan yana ƙulli.

Can ya soma labarin ƙanensa da ruwa ya ci. Ya kai tsakiya ya yi shiru, yaron kuwa bai yanke wurin daga fim ɗin ba, ya bar shirun. Wata mata a bayana ta ce a hankali, "Haka yake yi in ya tuna." Daga nan ban sake motsi ba.

Da aka gama na ce, "Ina kashi na biyu?"

"Babu, Kawu. Tsohon ya rasu da damina. Waccan ta bayanka ɗiyarshi ce, yau ta fara gani."

Na juya. Tana zaune har yanzu, idonta a kan zanen da ba kowa a ciki.

Da la'asar muka dawo Birnin Kebbi. Abin da na koya shi ne, fim mai kashi-kashi in ka rasa na biyu, na uku na tafe. Irin na yaron nan kuwa, in ba a ɗauka ba, ya tafi ke nan.

Ƙanwata ta tare ni a ƙofa. "Yaya, ka faɗa mishi?"

Na ce ban faɗa ba. Na ce ta shirya, ranar kasuwa ni da ita za mu koma.