Shekarar da Baba Ya Jira Ƙanƙara Ta Narke

Mahaifinmu mai sayar da ƙanƙara ne a Bab Makka cikin birnin Jidda, kuma a gidanmu na unguwar Nuzla akwai doka guda da ko baƙo sai ya bi ta: ba a taka ƙanƙara. Ko ɓarɓashi ne ya faɗo daga amalanke, sai ka sunkuya ka ɗauke shi da hannu ka jefa a randa. Abin da bawan Allah zai kai bakinsa ranar zafi, in ji Baba, ba a sa masa ƙafa. Kullum bayan sallar asuba yakan tura amalankensa zuwa inda ake yin ta, ya lodo manyan sanduna, ya lulluɓe su da buhun algarara da dusar katako, sannan ya shiga tsere da rana. Yana yanka da zarto, yana ja da ƙugiya, yana kai wa masu sharbat da masu kifi da gidajen tsohuwar unguwar Balad da ba su sayi firji ba tukuna. Kafin la'asar, abin da bai sayu ba ya zama ruwa a ƙarƙashin amalanke. Ya haura shekara talatin yana wannan sana'a, don haka ba wanda ya isa ya gaya masa halin ƙanƙara. Ya san ba ta kwana.

Yayana shi ne ɗan fari. A farkon shekarun saba'in aka tura shi Amurka karatun injinan sanyi, can arewa inda aka ce tafkuna kan daskare har mota ta bi ta kai. Iyayenmu tun suna yara suka zo ƙasar nan a ƙafa ta Sudan, amma kunyar ɗan fari ba su baro ta a hanya ba. Ban taɓa jin Baba ya kama sunan yayana ba, sai dai ya ce yaron nan. Inna kuwa ko hakan ba ta faɗa, sai ta ce wancan. Ranar da zai tafi, maƙwabta ne suka raka shi filin jirgi. Baba ya tura amalankensa kamar kullum, ya dawo da yamma ya ce ƙanƙarar yau ba ta da auki.

Wasiƙunsa da Larabci suke zuwa, domin mu haihuwar Jidda Hausarmu a baki kawai take. Ni ce mai karantawa, ina da shekara goma sha shida a lokacin. Bayan la'asar Baba zai zauna a tabarma a tsakar gida ya miƙe ƙafa, Inna ta juya mana baya tana tsince shinkafa kamar ba ta saurara, ni kuma in karanta layi in juya shi da Hausa.

A shekararsa ta biyu, dab da azumi, ya rubuto cewa ya sami aiki a makarantarsu bayan darasi. Yana kula da wani fili na ƙanƙara inda samarin jami'ar ke gasa da na wasu jami'o'i duk tsawon hunturu. Suna ɗaura takalma masu kaifi a ƙasa kamar wuƙa, suna gudu a kai, kowa da sanda mai lanƙwasa, suna kai wa wani ɗan baƙin abu duka har ya shiga raga.

“Tsaya, Uwata,” in ji Baba. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. “A kan me kika ce suke gudu?”

“A kan ƙanƙara, Baba.”

“Da ƙafa?”

“Da wuƙa a ƙafa ma.”

Ya yi salati ya sake yi. Ya ce wannan almubazzaranci ne, filin da zai shayar da Nuzla gaba ɗaya a watan azumi an bar wa ƙarti suna tattakawa. Sai da ya huce ya ce in maimaita wajen sandar. Da na maimaita sai ya yi dariya har da buga cinya. “Ai ƙwallon gora ne! Mun yi shi muna yara da ƙwallon goruba. Ashe har can ya kai.” Daga ranar nan Baba ya shiga gasar samarin Amurka da ƙafar dama, shi da bai taɓa kallon ko ƙwallon ƙafa ba.

Sai dai shi ba 'yan wasan yake goyon baya ba, ƙanƙarar yake goyon baya. Wasiƙa kan yi mako biyu ko uku a hanya, ta iso da labarin wasannin da tuni masu yin su sun manta. Yayana zai cika shafi da yadda aka lallasa su a farkon gasa, da yadda ɗalibai ke ihu har kunne ya toshe, da mai tsaron ragarsu da ke rufe fuska da wani abu kamar ƙwarya. Inna daga bayan faifanta ta ce Allah ya kyauta, yara suna zubar da haƙoransu a banza. Baba kuwa sai ya bari in gama tsaf, sannan ya tambaya, “Ita fa, ta riƙe?”

Amsar da yake sa ni in rubuta duk a kanta take. Ka duba ko garau take ko tana da farin ciki a tsakiya, mai fari ba ta da ƙarko. Ka ƙwanƙwasa ta da ƙarfe ka saurara. In an tashi daga wasa a lulluɓe ta da buhu, in ba su da dusar katako a can a faɗa mini. Nakan rubuta ina danne dariya, ina tunanin buhu nawa ne zai rufe fili guda. Na daɗe kafin in gane cewa wannan ce kaɗai ƙofar da kunya ta bar masa. Ba zai iya cewa yaya kake ba, balle ina kewarka. Amma mai ƙanƙara yana iya tambayar mai ƙanƙara aiki, ba wanda zai ga baikensa.

Wajen aikin hajji, da gari ya cika da alhazai, wani ɗan ƙunshi ya iso. Baƙin abin da ake bugawa ne, na roba mai tauri, bai wuce tafin hannu ba, gefensa duk sara. Inna ta juya shi ta ce ƙonanniyar waina ce, sunan kuma ya bi shi. Yayana ya rubuta cewa a cikin sanyi ake ajiye su kafin wasa, don kada su riƙa tsalle. Baba ya karɓe ta ya ajiye. Washegari na ga ya tura wainar tsakanin sanduna biyu a amalanke, ya ja buhu ya rufe. Haka ta riƙa zagaya Balad da Bab Makka tare da shi kullum. Masu kifi suka sami abin tsokana, suna tambayarsa yau su waye suka ci. Shi kuma ya ba su labarin mako uku da ya wuce kamar a gabansa aka yi, har da ƙari.

Bayan hajji ne ƙafafunsa suka fara kumbura. In ya tura amalanke daga bakin titi zuwa ƙofar gida sai ya dafa bango yana haki. Likita ya ce zuciya ce, ya ce ya daina aikin ƙarfi, Baba ya ce to, ya ci gaba da abinsa. Ya kira ni ya ce kada in kuskura in sa wannan a takarda, mai karatu ba a ɗaga masa hankali. Sannan ya yi tambaya kamar wadda ba ta dame shi ba.

“Can ma ai ana zafi, ko?”

“Ana yi, Baba. Ya ce bayan wata uku ko huɗu.”

“To, halas, magana ta ƙare. Zafi ya zo, ƙanƙara ta narke, ba wasa, ba aiki. Me zai zauna yi?”

A nan ne nawa laifin yake. Tun a wasiƙarsa ta biyu a kan aikin nan yayana ya bayyana cewa filin nan ba tafki ba ne. A cikin wani ƙaton ɗaki yake mai rufi, da bututu shimfiɗe a ƙarƙashinsa, inji na tura sanyi dare da rana. Ranar da na karanta ta ina sauri ne, ƙawata na jirana, kuma ban san yadda ake juya bayanin bututun da Hausa ba, sai na tsallake. Tun daga nan Baba tafki yake gani a ransa, a fili, ƙarƙashin rana irin tamu. Yanzu da ya dube ni da kumburarrun ƙafafunsa a miƙe, sai na kasa gyara masa. Na ce haka ne, Baba.

Gidanmu ya canza. Inna ta sa aka buɗe katifar ɗakin waje aka sake kaɗa audugarta, ta ce ƙura ce ta yi yawa. Ta daka yaji, ta shanya kuɓewa, duk ba ta ce don wa ba. Samarin kuma kamar sun sani, suka fara cin wasa a jere, yayana yana rubutowa cewa in suka ɗore za su je gasar ƙarshe ta ƙasa. A karon farko na ga Baba ya ɓata rai da nasararsu. Ya tambaye ni ko in sun ci gaba da ci wasan zai ƙara tsawo ne. Na ce da ɗan kaɗan. Ya ce ba komai, su ci abinsu, rana ba ta neman izinin kowa.

Wasiƙar ƙarshen gasa ta zo lokacin da Jidda ta fara ɗumi. Na karanta ta ni kaɗai a soro kafin in shiga, na kuma yi niyyar sake tsallakewa. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, na kuma gaji da ɗaukar sirrin mutum biyu. Na zauna a bakin tabarma na fara. An fitar da su a wasan da ya rage musu kafin gasar ƙarshe, bayan an ƙara lokaci, mai ƙwarya a fuska ya zauna a bakin raga yana kuka. Baba ya ce Allah sarki, amma na ga fuskarsa ta saki. Sai na karanta sauran. Ba za a kashe filin ba, yara za su riƙa koyon wasa a kai duk tsawon bazara. An roƙe shi ya zauna ya kula da injin, malaminsa ya ce hakan zai taimaki karatunsa. Sai baɗi in Allah ya kai mu.

Hannun Inna ya tsaya a kan faifai.

“Wane inji?” in ji Baba.

Na gaya masa duka, ɗakin, rufin, bututun, da ranar da na tsallake. Na zaci zai yi mini faɗa. Bai ko dube ni ba.

“Ke nan ba ta narkewa.”

“Ba ta narkewa, Baba, sai in an kashe injin.”

“Wa ke riƙe da shi?”

“Shi ne.”

Ya daɗe yana kallon amalanken da ke jingine a bango, ruwan yau na ɗiga daga ƙarƙashinsa. Sannan ya ce a hankali, “Ashe shi ne yake hana ta.” Na kasa gane ko alfahari ne a muryarsa ko wani abu, ina jin duka biyun ne.

“Baba, bari in gaya masa ba ka da lafiya. Wallahi zai zo.”

“Yalla, maza ɗauko alƙalami, Uwata. Ki rubuta abin da na ce kawai.”

Na ɗauko. Ya ce in rubuta cewa an ji labarin wasa, Allah ya ba da sa'a baɗi. Cewa zafi maƙiyin sana'armu ne, ya ninka kula. Cewa shi a shekara talatin bai taɓa riƙe ƙanƙara ta kwana ba, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi a danginmu ba, saboda haka tunda an damƙa masa amana, kada ya bari ta narke a hannunsa. Na jira ko zai ƙara wani abu. Ya ce shi ke nan, rufe.

Na rufe kamar yadda ya ce. Akwai sauran fili a ƙasan takardar da zai ɗauki layi biyu, alƙalamin kuma yana hannuna, ba kuma mai iya karanta abin da zan ƙara. Ban ƙara ba. Yau na girmi Baba na lokacin, amma har yanzu ina ganin farin wurin nan.

Baba ya rasu kafin azumin da ya biyo. Yayana ya iso bayan an yi sadakar bakwai, ya kwanta a kan katifar da Inna ta kaɗa. Da ya nemi ganin kayan sana'ar Baba, ya ɗaga buhun amalanke sai ga wainar a cikin dusar katako. Ya tambaye ni me take yi a nan. Na ce kai ka ce a cikin sanyi ake ajiye ta.

Ya miƙo mini ita, ya ce shi ba zai iya riƙewa ba. Tana cikin firjina har yau, can wajen ƙanƙara, bayan ledar kuɓewa.