Kilo Biyar Ɗin Da Na Ƙara

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ban saka komai a shafin nan ba. Masu aiko da saƙo suna tambaya ko na bar ƙarfe ne, ku yi haƙuri, sai yau na iya buɗe baki.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Sanusin nan mai cika muku waya da bidiyon ɗaga ƙarfe a bayan shagon waldar Yaya Lawali, nan Matamaye.

Zango-zango muke horo, kowane zango mako shida. Akwai lamba ɗaya da kowa ke rubutawa a kayensa, wato littafin horonsa, daga ita ake fitar da nauyin kowace rana. In ka gama zango lafiya, ka ƙara mata kilo biyar. In ka sha wuya ko ka yi ciwo, ka rage. Ni da bakina nake koya wa mutane wannan.

Kafin damina, lambata ta ɗagowa daga ƙasa ɗari da tamanin ce.

A lokacin Baba ya shekara a kwance da shanyewar ɓarin jiki. Kullum da hantsi ni nake ɗauko shi cak, in kai shi ƙofar gida ya ga mutane. Yakan ce, "Ashe ƙarfen banzan nan naka yana da rana. Ran da na mutu ma, kai kaɗai ka isa ka ɗau makarata."

Sai na je Kurni noman gonarmu, masassara ta kayar da ni kwana goma. Na dawo wando yana zame mini.

Ranar buɗe sabon zango, Yaya Lawali ya dube ni ya ce, "Kai Sanusi, ka ga wuyanka kuwa? Rage ashirin."

Na yi dariya, na rubuta ɗari da tamanin da biyar. Na riga na cika muku baki a nan cewa zan taɓa ɗari biyu kafin shekara ta ƙare, kunyar ja da baya nake ji. Gaskiyar ke nan.

A mako na biyu, ina cikin ɗagowa na ji wani abu ya ce ɗas a ƙuguna. Washegari zafi ya bi ƙafar hagu har tafin ƙafa, yatsuna suka mutu.

Wanzami ya yi mini ƙaho, aka shafa man zafi, babu sauƙi. Daga likitar garinmu, wato asibiti, aka tura ni Damagaram. Hoton farko bai nuna komai ba, sai da aka saka ni a sikana, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki. Babur ɗina na sayar kafin a yi wannan.

Likitan ya ce, "Faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayanka ya fito ya danne jijiya. In fitsari ya fara zubo maka ba ka sani ba, aiki za mu yi nan take."

Aka ba ni gado. Mako uku na yi a gadon nan, allura safe da yamma. Kowace asuba sai na fara shafa zanen gado in ji ko ya jiƙe. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Allah Ya sa ba a kai ga aiki ba. Aka sallame ni da sharaɗin ko buta cike kada in ɗauka.

A gida bango ɗaya ne tsakanina da Baba. Ina kwance ina jin Inna da matata Hadiza suna nishi, suna jan shi a kan zane don su gyara masa shimfiɗa. Fita ƙofar gida ta ƙare. Shi kuwa sai ya ɗaga murya ta bango ya ce, "Sanusi, yaya bayan?" Ko sau ɗaya bai ce mini ka gani ba.

Bayan wata biyu ya rasu.

Da sanda na bi jana'izarsa, can baya. Tsofaffi ma sun saka kafaɗa a makarar nan, ni ban iya ba. Har yau in na tuna sai na yi kuka.

Yanzu alhamdulillah ina tafiya ba sanda, ina sujada da goshina a ƙasa. Na gode wa likitoci, da mai gashin ƙashin da ya yi wata huɗu yana fama da taurin kaina, da Inna. Hadiza, Allah Ya biya ki, ni ba zan iya ba.

'Yan'uwana masu ƙarfe, lambar da ke kaye ba ta san ka yi masassara ba, ba ta san ka yi noma ko azumi ba. Ka dubi jikinka na yau kafin ka rubuta. In ƙafa ta fara mutuwa, ka nufi likita, kada ka tsaya gwaje-gwaje. Kuma ka tuna wa ke jiran bayanka a gida.

Jiya na koma wurin Yaya Lawali da izinin likita. Ya karɓi kayen, ya soke tsohuwar lamba, ya ce, "Fara da arba'in da biyar."

Bai sani ba, nauyin Baba ke nan a awonsa na ƙarshe.

Na sunkuya na ɗago shi a hankali, na ajiye a hankali, yadda na saba.